Yadda ake ƙiyasta tsofaffin Peugeot 404 da suka rage a karkarar Kano da Jigawa

Duk mai son sayar da tsohuwar Peugeot 404 yana da magana ɗaya a bakinsa: "Wallahi irinta ba ta fi uku ba a duk jihar nan." Mai saye kuma cewa yake yi suna nan birjik a ƙauyuka, kaji na ƙwai a cikinsu. Babu wanda ya ƙirga a cikinsu. Ba kuma za a iya bin gida-gida daga Gwarzo har Birniwa a ƙirga ba. Abin da ake iyawa shi ne ƙiyasi mai hujja, wanda in an tambaye ka inda ka samo adadin za ka buɗe littafi ka nuna. Da 404 zan yi bayanin, amma hanyar za ta yi aiki a kan 403 ko 504 ko Volkswagen Beetle ko tsohuwar Land Rover.

Fara da yanke abin da kake ƙirgawa

A nan yawancin musu yake lalacewa, domin mutum biyu na gardama alhali ba abu ɗaya suke nufi ba. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, kuma ta fito kala-kala: akwai salun mai ƙofa huɗu, akwai wagon mai dogon baya, akwai a-kori-kura, akwai kuma 'yan ƙwalisa masu ƙofa biyu. Wata mai fetur ce, wata mai gas. Zaɓi ɗaya. A karkara a-kori-kura ce ta fi daɗewa a kan hanya, saboda ita ke ɗaukar buhu da dabbobi ranar kasuwa, don haka ita ce ta fi sauƙin samu. Salun ta fi wuya, yawanci tana ajiye a gidan wani tsohon ma'aikacin En'e ko ɗan kasuwa da ya rasu.

Sannan ka yanke mece ce "rayayya". Ni kashi uku nake kasa su. Kashi na farko, wadda take tashi ta yi tafiya, ko da sai an tura. Na biyu, wadda take ajiye amma jikinta cikakke ne, injinta na ciki, gyara kawai take jira. Na uku, ƙwarangwal: bodi ba inji, ba taya, ƙasa ta ci gindinta. Rubuta kowace da kashinta, kada ka haɗe su, domin a ƙarshe adadi uku za ka bayar.

Akwai tambayar da za ta tare ka tun a makon farko. Idan bodin na 404 ne amma an ɗora mata injin 504, wace ce? Shawarata ka bi bodi. Inji ana sauya shi kamar yadda ake sauya taya, musamman a motocin haya, amma bodi shi ne yake ɗauke da lambar shasi.

Ƙarshe ka shata iyaka. Ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu sun isa farawa. Kano na da 44, Jigawa na da 27, wanda ya ce zai haɗiye su duka a karo ɗaya zai gaji kafin ya fita daga masarautarsu.

Abin da takarda za ta iya ba ka

Ba mai yawa ba ne. An san cewa an ƙera 404 sama da miliyan 2.8 a duniya, an daina yin salun a Faransa a 1975, an ci gaba da haɗa ta a Kenya har 1991. An kuma san kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Wannan duk yana nuna maka cewa motar ba ƙalilan aka yi ta ba, shekaru ne da 'yan gwangwan suka mayar da ita ƙalilan. Amma ba zai gaya maka nawa suka shigo Ringim ko Rano ba.

A Ingila abin da sauƙi, domin gwamnati na fitar da adadin motocin da ke da lasin iri-iri, har da waɗanda masu su suka sanar cewa sun ajiye su ba sa hawa. A nan mutum ba ya zuwa ofis ya ce ya sayar wa mai gwangwan motarsa an yanka. Motar da ke zirga-zirga tsakanin gona da kasuwar ƙauye kuma tana iya shekara goma ba a sabunta takardunta ba. Ga shi an ƙirƙiri Jigawa ne a 1991, saboda haka tsohuwar motar Hadejia ko Gumel rajistarta ta farko ta Kano ce. An kuma sauya tsarin lambobin mota fiye da sau ɗaya. Mota ɗaya tana iya zama da lamba uku a rayuwarta, lamba ɗaya kuma tana iya yawo a kan mota biyu. Kada ka gina lissafi a kan lambar gaba da baya.

Lambar shasi ita ce sunan yanka

Buɗe bonet ka duba. Akwai ɗan faranti na ƙarfe da kamfani ya kafe a jikin bodi, an kuma buga lambar a jikin ƙarfen kansa. Ka tafi da tsumma, da ɗan kananzir, da buroshin waya, da alli. In tsatsa ta cinye rubutun, goge a hankali, ka shafa alli ka share samansa, lambobin za su fito fari. Ɗauki hoto, sannan ka rubuta da hannu, ka sa wani ya karanto maka ka gwada. 3 da 8 suna yaudara, haka 1 da 7. Kada ka yi mamaki in ka ga lambar gajera ce. Tsarin lamba mai harufa da alƙaluma 17 da ake gani a motocin yanzu sai wajen 1981 ya kankama.

Idan farantin ya ɓace, nemi alamomin da ba sa canzawa da fenti: inda aka yi walda, ƙofar da aka ɗauko daga wata mota, irin kejin da aka ƙera wa bayanta, tsagewar gilashi. Hoto huɗu, gaba da baya da gefe biyu. Launi ba shaida ba ne.

Duba kuma gefen da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne a ranar 2 ga Afrilu 1972. Motar da sitiyarinta ke dama, akwai yiwuwar ta shigo kafin wannan lokacin, kuma irinta ta cancanci shafi nata daban a littafinka. Sitiyari a hagu kuwa ba ya nuna lokacin da motar ta shigo, domin motocin Nijar tun asali a hagu suke, kuma sun daɗe suna tsallakowa ta Maigatari da Ɓaɓura.

Shiga gari ta ƙofa

Baƙon da ya zo yana leƙa injin mota yana rubuta lamba, kowa zai ɗauka ɗan kwastan ne ko mai karɓar haraji, ko kuma an yi sata ana bincike. Nan take za a ce maka babu irin wannan motar a garin, alhali tana bayan katangar da kake jingine. Fara da gidan dagaci ko mai unguwa. Ka gaisa yadda ya kamata, ka ce: "Ranka ya daɗe, tarihin tsofaffin motoci nake tattarawa, ba saye nake ba, ba kuma hukuma ce ta aiko ni ba." Ka roƙi a haɗa ka da yaro ɗan gari. Idan motar a cikin gida take, ka tsaya a zaure a yi maka iso. Da yawa daga cikin waɗanda ke ajiye kayan gado ne da ba a raba ba, sai ka yi hattara da maganar kuɗi. Kalma ɗaya a kan farashi tana iya tayar da rigimar da ta shekara ashirin tana barci. In tsohuwa ta ce ba a taɓa motar Malam, ka ce "To, Inna, Allah ya jiƙansa," ka rubuta cewa ka ji labarinta amma ba ka ga lamba ba.

Jeri biyu da ba su san juna ba

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka fi nutsuwa.

Za ka tara jeri biyu na motocin, ta hanyoyi biyu mabambanta. Jeri na farko daga masu gyara: bakanike, mai walda, mai faci, mai gyaran lantarkin mota, da masu sayar da kayan gyara. Tsohon bakaniken Fijo ya fi kowane ofis sanin motocin yankinsa. Tambaye shi: "Baba, wa da wa ke kawo maka 404 har yanzu? Wa ya ajiye tasa?" Sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka gani da idonka.

Jeri na biyu kuma wani mutum ne zai tara shi, ba kai ba, kuma kada ka nuna masa naka. Shi ya bi ta tasha da ranakun kasuwa: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi. Ya zauna da tsofaffin direbobi da 'yan kamasho, ya tambayi masu unguwanni, ya rubuta duk wadda ya gani da lambar shasinta.

Da kun gama, ku ajiye littattafan gefe da gefe ku ƙirga motocin da suka fito a duka biyun. Lissafin shi ne: adadin jeri na farko sau adadin jeri na biyu, a raba da adadin da suka fito a duka biyun.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don bayani kawai. A ce kai ka samu 18, abokin aikinka ya samu 15, kuma 9 daga cikin nasa suna cikin naka. 18 sau 15 ya ba da 270, a raba da 9, ya ba da 30. Waɗanda kuka gani da ido 24 ne, wato 18 da 15 a cire 9 ɗin da suka maimaitu. Lissafin yana cewa akwai kamar 6 da duk kun kuskure.

Me ya sa yake aiki? Ɗebi wake 18 daga ƙwarya ka shafa musu shuni, ka mayar ka gauraya. Sake ɗiba ba tare da ka duba ba. In ka ɗebo 15 ka ga 9 masu shuni, to kashi uku cikin biyar na abin da ka ɗebo masu shuni ne, ke nan 18 ɗin nan su ne kashi uku cikin biyar na duk waken ƙwaryar, wato 30. Masu nazarin dabbobi ne suka fito da dabarar: Petersen ya yi aiki da kifin da aka yi wa alama a Denmak a ƙarshen ƙarni na 19, Lincoln kuma ya yi amfani da ita a kan agwagin daji a Amurka a 1930.

Idan alƙaluman ƙanana ne, kamar yadda za su kasance a wannan aiki, akwai gyaran da ake yi wa lissafin, wanda ake jingina wa wani masanin lissafi mai suna Chapman. Ƙara 1 a kan kowane adadi kafin ka lissafa, sannan ka cire 1 daga amsar. A misalinmu 19 sau 16 ya ba da 304, a raba da 10, a cire 1, ya ba da kusan 29. Bambancin kaɗan ne a nan. Amma da 3 ne kawai suka maimaitu, lissafin farko zai ce 90, gyararren ya ce 75, kuma gaskiyar magana duk biyun ba abin dogaro ba ne. Maimaici kaɗan yana nufin ba ku yi yawo ya isa ba. In bai kai 7 ko 8 ba, ni dai komawa fage nake ba da shawara, ba buga adadi ba.

Gwada kuma ka ga yadda amsar take rawa. Da 8 ne suka maimaitu, amsar kusan 34 ce. Da 10 ne, 27 ce. Kuskuren karanta lamba ɗaya tak yana motsa sakamakon da mota uku ko huɗu. Shi ya sa na matsa a kan alli da buroshi.

Akwai inda dabarar take rauni, kuma gara ka san shi tun yanzu. Wake a ƙwarya duk damarsu ɗaya ta shiga hannu, motoci kuwa ba haka suke ba. Wadda ke zuwa kasuwa duk mako, bakanike ya san ta, ɗan kamasho ya san ta, za ta fito a jeri biyun. Wadda ke rufe da tamfol a bayan rumbu tun rasuwar mai ita, ba ta cikin ko ɗaya. Sakamakon haka maimaici yana kumbura, amsar kuma tana yin ƙasa da gaskiya. Maganin shi ne ka yi lissafin daban ga kowane kashi: masu tafiya nasu, na ajiye nasu, ƙwarangwal nasu. Na masu tafiya zai fito kusa da daidai. Na ajiyayyu ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai. Haka nan in abokin aikinka ya je wajen bakaniken da ka je, jerin nasa ya zama kwafin naka, aikin ya ɓaci. Ku raba hanyoyin tun farko, ku kuma gama cikin wata biyu ko uku, da rani, kafin wata ta mutu ko a sayar da ita, kafin kuma ruwa ya yanke hanyoyin fadama.

Auna ta wata hanyar

Adadi ɗaya daga hanya ɗaya bai isa ba. Hanya ta biyu ita ce auna saurin mutuwarsu. Koma wajen tsohon bakaniken ka ce ya lissafo maka 404 ɗin da yake gyarawa shekara goma da suka wuce, da sunan masu su, ya kuma gaya maka makomar kowace. A ce ya tuno 20, saura 8. Wannan yana nufin ana rasa kusan 9 cikin 100 duk shekara. Tambayi bakanike uku ko huɗu a garuruwa daban, kada ka tsaya a kan ɗaya, kuma ka tuna cewa mutum ya fi tuna motar da ta daɗe a hannunsa fiye da wadda ta zo sau biyu ta ɓace.

Ka ga abin da wannan kaso yake yi in shekaru suka taru. A ce yanki yana da 1,000 shekara 40 da suka wuce. In ana rasa 10 cikin 100 duk shekara, kusan 15 za su rage. In 8 ne, kusan 36. In 12 ne, 6 kacal. Tazarar nan ta nuna maka cewa wannan hanyar ba ta fitar da adadi, aikinta kama ƙarya. Wanda ya ce maka akwai 500 a yankin da bai taɓa mallakar fiye da 1,000 ba, ka san ya yi nisa. Mutuwar kuma ba daidai take tafiya ba: duk lokacin da kuɗin ƙarfe ya tashi, 'yan gwangwan kan share ƙwarangwal ɗin gari guda cikin 'yan makonni. Su ma ka tambaye su. Sun san wadda suka yanka da inda suka ɗauko ta, kuma wannan yana taimaka maka ka goge sunayen da mutane ke ci gaba da ambata alhali motar ta daɗe da zama rodi.

Masu sayar da kayan gyara a Kofar Ruwa cikin Kano ma'auni ne na uku. In mai shago ya ce har yanzu ana zuwa daga wani yanki neman kayan birki ko na giyar 404, akwai masu tafiya a can ko da jerinku bai nuna ba.

Za ka ji wasu na kawo dabarar da aka yi a Yaƙin Duniya na Biyu, inda masana lissafi na ƙawancen Ingila da Amurka suka ƙiyasta yawan tankokin yaƙin Jamus daga lambobin waɗanda aka kama. Ga tankokin da aka ƙera a watan Agustan 1942, lissafinsu ya ba da 327, takardun Jamus da aka samu bayan yaƙi suka nuna 342. Dabara ce mai kyau, amma yawan abin da aka ƙera take faɗa, ba yawan abin da ya rage ba. Ga 404 kuma an riga an san yawan da aka ƙera, lambobinta kuma sun watsu a ƙasashe da yawa. Bar ta sai in kana bin wata mota da wani ƙaramin kamfani ya yi 'yan ɗaruruwa.

Daga ƙaramar hukuma zuwa jiha

Kada ka ɗauki 30 ɗinka ka ninka sau 27 ka ce ga na Jigawa. Garin da ke da babbar kasuwa da garejin Fijo ba ɗaya yake da ƙauyen da kwalta ba ta kai ba. Kasa ƙananan hukumomin gida-gida bisa kamanninsu: masu manyan kasuwanni, na bakin iyaka, na fadama irin yankin Hadejia, na kusa da birni inda 'yan gwangwan suka fi kai hannu. A kowane gida ka yi aikin a wuri biyu aƙalla, kuma ka zaɓe su da ƙuri'a, ba don ka ji labarin akwai motoci a can ba. Ɗauki matsakaicin gidan ka ninka da yawan ƙananan hukumomin da ke cikinsa, sannan ka tara. Motar da ka gani a Gujungu tana iya zama ta Gumel, don haka ka rubuta ta a garin da take kwana, ba inda ka gan ta ba.

Yadda za ka faɗi sakamakon

Faɗi abin da ka gani daban, abin da ka ƙiyasta daban, ka sa kwanan wata. Kamar haka: a ƙaramar hukuma kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, mun ga 24 da ido mun ɗauki lambar shasinsu, lissafi ya nuna tsakanin 27 da 34, daga cikin waɗanda muka gani, kaza na tafiya, kaza na ajiye, kaza ƙwarangwal, akwai kaza da muka ji labarinsu ba mu gani ba, ba mu sa su a lissafi ba.

Ajiye littafi biyu. Wanda za ka nuna wa jama'a ya ƙunshi irin motar, da kashinta, da ƙaramar hukuma, da alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar shasi. Sunan mai ita da unguwarsa da lambar wayarsa su zauna a ɗaya littafin a gida, domin jerin da ke nuna inda kowace tsohuwar mota take kwana zai yi wa ɓarawo da dillali amfani fiye da kowa, kuma kai ka yi wa mai unguwa alkawarin cewa tarihi kake tarawa. Bayan shekara biyu ka koma da littafin gida ka bi motocin ɗaya-ɗaya. Yawan waɗanda ka tarar a wurinsu shi zai ba ka saurin mutuwarsu na gaskiya, wanda ka auna da kanka, sai ka maye gurbin abin da bakanike ya tuno da shi.